Kawu Ya Ce Ba Babanmu Ba Ne

Ranar sadakar ukun Kawu saura ƙiris a sake yin wata gawar a ƙofar gidansa. Muna zaune a kan tabarmi da hantsi, mutane na zuwa suna durƙusawa, ana ta ya haƙuri da sai haƙuri, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Baffa, ƙanin mahaifina. Taubashina, babban ɗan Kawu, ya zabura ya suri bencin da ke jikin bango, idonsa jajir.

"Wanda ya zubar masa da haƙora ne zai zo mana gaisuwa? Ku sake ni! Wallahi sai na fasa masa kai yadda ya fasa wa mahaifina baki!"

Da ƙyar muka danne shi. Ƙafar bencin ta sare ni a ƙwauri, har yanzu da nake rubutun nan wurin bai warke ba. Baffa bai gudu ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa can gefe inda tabarma ba ta kai ba, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa. Wasu tsofaffin 'yan sanda da suka zo daga Kano suka sunkuyar da kai. Akwai wani Arɗo da jama'arsa da suka taho tun da sassafe daga wajen Doguwa, an kawo musu abinci sun ƙi taɓawa, su ma suka zuba wa Baffa ido. A nan na ji wani saurayi a bayana yana raɗa wa na kusa da shi, wai me ya haɗa tsofaffin nan ne? Na waiwaya, ashe jikan gidan ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ko mako bai yi a ƙasa ba, amma jininsa bai san abin da ya sa yake tauna da gefe ɗaya ba. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, ni da ba malami ba, ɗan kasuwar masara kawai.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Likitan haƙori ne, ya yi aikinsa a asibitin gwamnati a Kano har ya yi ritaya ya dawo Tudun Wada. Ana cikin aikin aka tura shi wani kwas, ya koyo yadda ake gane shekarun mutum daga haƙoransa, a raye yake ko a mace. Tun daga nan 'yan sanda suka san hanyar gidansa. In an tsinci gawa a dajin Falgore, ta ruɓe ko ta ƙone ba a gane ta ba, shi ake zuwa ɗauka.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In kuna gaisawa ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo. Matan gidanmu sun gane shi, in za su gaishe shi sai su ja mayafi har hanci, shi kuwa ya yi ta dariya yana cewa ai ya riga ya gani. Akwai wani maƙwabcinsa ma'aikaci da kowa ya san ya zaftare shekarunsa a wajen aiki. Wata rana tsautsayi ya sa ya yi hamma a gaban Kawu a masallaci. Kawu ya matso ya ce masa a hankali, "Malam, ashe ka kusa hutawa." Daga ranar mutumin ya sake sahu.

Amma ni ba da wannan dariyar na san aikinsa ba. Na san shi ne wata shekara da tankar mai ta haɗu da bas a tsakiyar dajin. Motata a-kori-kura ce kaɗai a kusa, ni na kai shi. Tun daga nesa muka ji warin. Mutane sun ƙone a kan kujerunsu, wasu hannayensu a maƙale da ƙarfen taga. An jera abin da aka iya cirowa a gefen titi, an rufe da ganye. Mata na kururuwa suna faɗuwa a kwalta. Ni dai na koma bayan mota na amayar da duk abin da na ci. Kawu ya naɗe hannun riga, ya sa safar hannu, ya durƙusa a tsakiyarsu.

Wani mutum ya riƙe masa ƙafa, ya ce 'ya'yansa mata biyu ya sa a motar za su gidan kakarsu, ƙarama tana aji ɗaya, babba ta gama firamare. Kawu ya bi ƙananan gawarwakin ɗaya bayan ɗaya yana buɗe muƙamuƙi. Yana yi yana magana, ban san ko da ni yake ko da kansa ba.

"Wuta takan fasa na gaba. Turame kuwa suna ɓoye a bayan kunci, su ba sa ƙarya. Yaro ba wuya. Turmin farko yana fitowa wajen shekara shida, na biyu wajen sha biyu. Dubi wannan, tana cikin famfara, ga sabon haƙori yana turo na yarinta. Shida zuwa bakwai. Waccan na biyun ya leƙo. Sha ɗaya zuwa sha uku."

Mutumin ya ce, "Likita, don Allah ka ce mini su ne."

Kawu ya ce, "Ni shekaru na gani, ɗan'uwa. Kai ka san waɗanda ka sa a motar."

Mutumin ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe su duka biyun ya rungume. A hanyar dawowa da muka zo wuce wani mai tsire a bakin gari, Kawu ya ce in ɗaga gilashi. Har ya bar duniya bai ƙara tsayawa kusa da tukubar mai nama ba.

Baki ɗaya ne a danginmu Kawu bai taɓa leƙawa ba, shi ne na Baba. Ka san tsakanin mutum da yayan matarsa akwai kunya, Baba kuwa ya haɗa kunyar da taurin kai. Haƙori ya hana shi barci, kunci ya kumbura, Inna, mahaifiyata, ta yi magiya ya je wajen Yaya, ya ce shi ba zai kwanta ya wangale wa surukinsa baki ba. Sai ya cusa kanumfari ya ɗaure kai da rawani. Da ya dawo daga aikin Hajji da haƙorin Makka a sama ta hagu, Kawu ya je yi masa barka, ya ce, "Alhaji, an yi wa ƙofar gida fenti, ko ya cikin ɗakunan suke?" Baba ya rufe baki da hannu ya yi ta dariya. Suna son juna, sai dai ba a faɗa.

Lokacin girbin masara aka ɗauke Baba. Muna ƙauyenmu a lokacin, a gefen dajin ta wajen Doguwa. Yana gona da rana tsaka wasu mutane da bindigogi suka fito daga cikin kara. Suka sari ɗaya daga cikin 'yan ƙodagon a kafaɗa, suka tasa Baba gaba. Sun kira mu a waya, mun ji muryarsa yana cewa mu yi haƙuri, ana dukansa muna ji. Daga nan layin ya mutu, bai sake shiga ba. Kaka ta wuce, rani ya shigo.

Ranar wata Laraba 'yan banga suka kawo gawa a bayan mota. Sun tsince ta a wani kwari kusa da burtali, an tara mata itace an cinna wuta. Aka shimfiɗe ta a zaurenmu. Ba fuska, ba tufafi, hannaye sun ƙanƙame kamar na mai dambe. Leɓɓa sun cinye, haƙora a waje. A sama ta hagu kuwa ga zinari yana ƙyalli a cikin baƙin.

Baffa ya kurma ihu, "Yayana ne! Haƙorinsa ne, ni na tarye shi a filin jirgi da shi!"

Babu wanda ya yi musu, har ni. A wajenmu in ka ga haƙorin Makka ka ga Alhaji, ba a tambaya. Nan da nan aka tura masu haƙar kabari. A cikin gida mata suka cire wa Inna 'yan kunne da awarwaro, suka fara tsefe mata kai za ta shiga takaba. A waje kuma wani shirin ake yi. Tunda kusa da burtali aka tsinci gawar, samarin gari suka yanke cewa mutanen rugar ƙetaren rafi ne. Aka fito da adduna da gorori da bindigogin toka. Baffa da kansa ya ajiye jarkar fetur a bakin zaure, ya ce ana sallame gawa ba wanda zai koma gida, daga maƙabarta sai ruga. Ni ma zuciyata wuta take ci, ina son in ga wani gidan yana kuka kamar namu.

Ana ɗinka likkafani Kawu ya iso daga Tudun Wada. Jana'izar surukinsa ya zo, ba aiki ba, ko safar hannu bai riƙo ba. Ya durƙusa zai yi addu'a, sai idonsa ya faɗa kan bakin. Na ga addu'ar ta tsaya masa. Ya ce a ba shi cokali da ruwa da tsumma.

Baffa ya ce, "Likita, nan ba asibiti ba ne. Rana tana yi."

Aka miƙo wa Kawu kayan. Ya sa gindin cokali ya ɓanɓare muƙamuƙin, muka ji ƙas. Wasu suka fita da gudu. Ya goge turamen da tsumma, ya juya kan wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya ce, "Wannan ba Alhaji ba ne. Yaro ne. Sha bakwai zuwa ashirin da ɗaya."

Zauren ya hargitse. Baffa ya ce, "Yaro? Yaron ne ya je Makka?"

"Zinari sawa ake yi, kowa ma zai iya sawa. Samari nawa ne suke yawo da shi a kasuwa ba su taɓa ganin jirgi ba? Turmin ƙarshe na yaron nan yanzu yake fasa dasashi. Alhaji ya haura sittin."

"Ka taɓa ganin cikin bakinsa?"

"Ban taɓa ba."

"To ka ji! Mutanen ruga sun aiko ka kenan. Su suke kawo maka nono da man shanu, an sani!"

Kawu ya fita ya tsaya a bakin zaure, tsakanin makara da jarkar fetur. Ya ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Ku yi masa sutura, ɗan wani ne. Amma kada a kira sunan Alhaji a kansa. Kuma duk wanda ya ƙetare rafin nan yau, ya sani ba don Alhaji ya je ba."

Ban ga lokacin da Baffa ya karɓi gora daga hannun wani ba. Ƙarar kawai na ji, irin ta faskare. Gorar ta sami Kawu a baki. Hularsa ta yi gefe, shi ya yi gefe, ya bugi bango ya zame. Jini ya ɓalle a kan farar rigarsa. Baffa ya sake ɗagawa, Liman ya faɗa tsakani, dukan ya sauka a hannun Liman. Kawu ya dafa ƙasa ya tofar, haƙora suka zubo tare da jinin. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya sa a aljihun gaba, ya sake miƙewa ya koma daidai inda yake tsaye.

Jinin tsoho a farar riga ya sanyaya wa wasu jiki. Liman, yana riƙe da hannunsa da ya kumbura, ya juyo gare ni. "Kai ne babba. Sunan wa zan sallata?"

Wallahi na so in ce Baba. Na gaji da jira, Inna ta gaji, ga kabari an haƙa. Kalma ɗaya zan faɗa kowa ya huta. Kawu ya kamo hannuna, ya ja ni cikin zaure, ya durƙusar da ni. Ba ya iya magana sosai, jini na bin gemunsa. Ya kama ɗan yatsana ya cusa a bakin gawar, ya goga shi a kan turamen. Tsini-tsini ne, masu kaifi, ba inda ya side, ba giɓi ko ɗaya. Baba kuwa ya yi shekaru ba ya iya fasa goro, da magogi yake gogawa a tafin hannu, ni nake sayo masa magogin. Na zare yatsana.

Na fito na ce, "Malam, ba mahaifina ba ne."

Baffa ya shara mini mari a gaban jama'a, ya ce na sayar da ubana. Yawancin mutane suka watse. Amma ba duka ba, kada in yi wa labarin kwalliya. Wasu samari sun ɗauki jarkar sun ƙetare rafin. Allah ya sa labari ya riga su, mutanen rugar sun kwashe mata da yara sun shige daji. Suka ƙone bukkoki, suka sassare wasu maruƙa da aka bari a ɗaure. Hayaƙin muna hangensa daga ƙofar gida har la'asar. Ba a kashe mutum ba, kuma kowa a garin ya san da an sallaci gawar nan da sunan Baba, gari ne gaba ɗaya zai tafi.

'Yan sanda suka zo suka kai gawar asibiti. Aka ɗauki hoton muƙamuƙin, ya nuna saiwar turmin ƙarshe ko rufewa ba ta yi ba. Aka yi cigiya, ba wanda ya zo. A Tudun Wada aka binne yaron, mutanen da suka bi shi ba su cika sahu ba. Kawu na ciki, da ɗinki a leɓe da bandeji a haɓa. An ce ya kai Baffa kotu, ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali da ƙanin Alhaji ba alhali Alhaji na daji. An ce ya sa haƙoran roba, shi da ya yi wa rabin Kano, ya ce sun ishe shi a hannu.

Wadda ba ta yafe ba ita ce Inna. Ranar da abin ya faru, ni na shiga na gaya mata. Kanta rabi a tsefe. Wata gwaggonmu ta miƙo mata 'yan kunnenta, ta ce mayar. Inna ta kalle su ta watsar. Da Kawu ya leƙo zai yi mata sallama, bakinsa a toshe da tsumma, ta juya masa baya ta yi magana da bango.

"An raba ni da miji, kai kuma ka raba ni da kabarinsa. Da ka bar ni na yi takabata na san inda nake. Ka je, Yaya. Na gode."

Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba. Bayan abin da ya faru zaman ƙauye ya gagara, muka tattara muka dawo Tudun Wada, unguwa ɗaya da Kawu, in an yi kiran salla a masallacinsu muna ji. Ba ta taka gidansa ba. In ya zo namu sai ta shige ɗaki ta saki labule, shi kuma ya zauna a tsakar gida ya gaishe da labulen, ya tambayi labulen ya jiki, ya tashi. Ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe. An ce ta je wajen alƙali ya yanke mata hukuncin matar wanda ya ɓata, ta ce ita ba za ta kashe mijinta da bakinta ba. Na ga mahaifiyata tana ƙarewa a tsaye, kuma akwai ranakun da ni kaina na ji haushin Kawu har cikin raina. Na taɓa gaya masa. Ya ce, "Ka ji haushin, ɗana. Ni ma ina ji."

Shekaru suka tafi a haka. Kawu ya tsufa, ya koma dogara sanda, 'yan sanda ma suka rage zuwa. Sai bayan wata damina mafarauta suka shiga wani kogon dutse can cikin dajin, inda aka ce a da ana tsare mutane. Suka sami ƙasusuwan mutum ɗaya, da sarƙar babur a ɗaure a ƙashin ƙafa. Suka sanar da hukuma, labari ya zo mini. Ban so gaya wa Kawu ba saboda ƙafarsa. Ya ji a masallaci, ya aiko a ce mini in kawo mota.

Inda mota ta tsaya muka hau babur, inda babur ya tsaya mafarauta suka goya shi. A bakin kogon ya zauna a kan dutse, aka miƙo masa ƙoƙon kan da muƙamuƙin. Akwai rami a bayan kan, ba sai an gaya maka abin da ya yi shi ba. Kawu ya hure ƙasar, ya bi haƙoran da babban yatsa. Turamen da suka rage sun side sun yi sumul, jan goro ya shige su. Ƙashin da ke riƙe su ya janye. Ya zare ɗaya da ke girgiɗi ya ɗaga shi wajen rana, saiwar tana wucewa da haske kamar ƙanƙara.

"Sittin zuwa saba'in," in ji shi.

Sannan ya juyo da ƙoƙon ya nuna mini sama ta hagu. Haƙorin wurin ya fi 'yan'uwansa siranta, an goge gefensa yadda ake yi in za a sa zinari, kuma bakinsa ya ɓantare kamar an fizge wani abu da filaya. Na zauna a ƙasa. Na yi ta kiran Baba kamar ƙaramin yaro, mafarautan suka juya mana baya.

Da na dawo hayyacina wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Kawu, zinarin da ke bakin yaron nan fa?"

Ya ce, "Ya yi wa haƙorinsa yawa. Cusa shi aka yi aka matse. Na gani tun ranar."

"Ka gani? Kenan Baffa bai yi ƙarya ba, na Baba ne! Ka sa na bi gawar wanda ya fizge wa ubana haƙori?"

"Ko shi ya cire, ko saya ya yi, ko ba shi aka yi, ko ma wani zinarin ne daban. Ban sani ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani na faɗa. Da na ƙara da wanda ban sani ba, da jarka a bakin zaure, ka gaya mini gawa nawa za a kwasa a ƙetaren rafi?"

Na miƙe na ɗauki dutse na yi jifa da shi cikin daji da duk ƙarfina. Ban huce ba. Har yau in na tuna yaron nan ban san ko in yi masa addu'a ko in tsine masa ba. Kawu ya naɗe ƙoƙon a cikin rawaninsa, ya miƙo mini ya ce, "Riƙe da hannu biyu." A lokacin na ga hawaye na bin fuskarsa. Ya ce, "Ya hana ni gani yana da rai. Dubi yadda ya bar su suka lalace, mai taurin kan nan."

Bayan hukuma ta gama nata, aka ba mu Baba. Likkafanin bai fi ɗaurin kayan wanki ba. Baffa ne ya shiga kabarin ya karɓa, bai ɗaga ido ya kalli kowa ba. Da aka dawo Inna ta aika a tambayi Liman yaushe za ta fara takaba. Liman ya ce daga ranar mutuwa ake lissafi, ba daga ranar da labari ya zo ba, takabarta ta wuce tun tuni. Ni na kai mata amsar. Ta ce, "Ashe ita ma ta wuce ni." Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da jan carbi.

Washegari da safe na ga ta dama kunun gyaɗa ta zuba a kwanon sha, ta yafa mayafi, ta ce in raka ta. Ban tambayi ina ba. Muka sami Kawu a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, ina kwana."

Ya sa hannu ya kare ido kamar rana ta dame shi. "Wa nake ji haka? Labulen ne ya koyi tafiya?"

Ba ta yi dariya ba. Ta matso ta ce, "Yaya, in gani."

Duk shekarun nan ba ta taɓa ganin abin da gorar ta yi ba. Kawu ya buɗe baki. Gaba ɗaya gefen dama ba komai, dasashi ne kawai, ga tabon ɗinki ya ja leɓen ya karkace. Inna ta kalla, ta kifa fuska a kan gwiwarsa ta fashe da kukan da ba ta yi wa Baba ba. Tana cewa da ta binne ɗan wani ta yi ta kai masa addu'a, ta bar mijinta ɗaure a dutse. Ya bar ta ta yi mai isarta yana dafe da kanta. Can ya ce, "To ya isa haka. Zuba mini kunun nan kafin ya huce."

Tun daga ranar kullum da safe sai ta dama ta aika masa, ko tana zazzaɓi ba ta yarda wani ya dama. Shi kuma ya shanye ya aiko da kwanon da ƙorafi, yau sukari ya yi yawa, gobe tsamiya ta yi kaɗan. Haka suka yi ta yi har Alhamis ɗin da ta wuce. Ta dama, ta rufe, ta bayar aka kai. Ba a jima ba aka dawo mata da kwanon, da zafinsa, ba a buɗe ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauƙaƙa masa tambaya, ya haɗa shi da Baba a inda ba a jin kunyar suruki.